Sa Billy Boston: sarautar da ta iso da almuru

Ranar 10 ga watan Yunin 2025 aka kai wani dattijo ɗan shekara 90 Fadar Buckingham da ke Landan, Sarki Charles ya dafa masa takobi a kafaɗa, daga nan sunansa ya koma Sa Billy Boston. Laƙabin ba baƙo ba ne a kunnenmu, shi ne dai wanda muka taso muna ji a gaban sunan Sa Ahmadu Bello da Sa Abubakar Tafawa Ɓalewa. Bisa al'ada, sai an fitar da jerin sunayen waɗanda sarki zai karrama albarkacin bikin ranar haihuwarsa, sannan a sa wa kowa ranar zuwa fada. Na Boston ba a jira ba. An gaggauta ne saboda jiki ya yi nisa. Tun 2016 aka bayyana cewa cutar mantuwa ta kama shi, kuma a ƙa'idar Birtaniya ba a naɗa wa mamaci wannan sarauta. Wato dai an ji tsoron kada rai ya yi halinsa takobi bai iso ba.

Mutumin nan fa rabonsa da filin wasa tun 1970. Duk abin da aka karrama shi a kai, ya gama yin sa shekara 55 kafin wannan rana. Kuma shi ne ɗan wasa na farko da Birtaniya ta ba wannan laƙabi saboda zari-rugar 'yan sha uku, wasan da a shekarar ya cika 130 da kafuwa. Na yi murna da na ga hoton, amma murnar ba ta kwana ba. A nawa ganin ba mantawa aka yi da shi ba. Raina shi aka yi, tare da mutanen da suka haifi wasan da ya buga.

Da yawanmu mun ɗauka zari-ruga guda ɗaya ce: ƙarti suna gudu da ƙwallo mai siffar gwanda, ana kokawa. Alhali iri biyu ce. Akwai wadda Turawa ke kira Union, mutum goma sha biyar a kowane ɓangare, ita ce ake nunawa idan Afirka ta Kudu ta ɗauki kofin duniya. Akwai kuma League, mutum goma sha uku. A wannan ta biyun, idan aka kayar da mai ƙwallo, sai a sake shi ya miƙe, ya ajiye ta a ƙasa ya tura wa na bayansa da ƙafa, a ci gaba. Sau shida ake ba ku. In aka kayar da ku na shida ba ku dire ƙwallon a bayan layin abokan karawa ba, ta koma hannunsu. Wasa ne mai sauri, ba ɓata lokaci, kuma karo a cikinsa sai wanda ya gani.

Abin da ya raba su biyun kuɗi ne, kuɗin ma ba na kirki ba. A ƙarshen ƙarni na 19, masu buga zari-ruga a arewacin Ingila, wato yankunan Yorkshire da Lancashire, yawancinsu masu haƙar kwal ne da ma'aikatan masaƙu. Ranar Asabar ranar aiki ce a wurinsu. Duk wanda ya bar bakin aiki ya tafi wasa, an yanke masa ladan wunin. Ƙungiyoyin arewa suka ce a bar su su riƙa mayar wa ɗan wasa abin da ya rasa. Hukumar da ke Landan, wadda ke hannun 'ya'yan masu hali da suka fito daga makarantun kuɗi, ta ce atafau, wasa na nishaɗi ne, wanda ya karɓi ko anini ya ɓata shi. Mai faɗin haka kuwa bai taɓa kwana da tunanin cefanen gobe ba. Ranar 29 ga Agustan 1895 wakilan ƙungiyoyin arewa suka taru a otal ɗin George da ke Huddersfield suka ɓalle, ƙungiya 22 suka kafa tasu hukumar, suka yanka sule shida a matsayin diyyar wunin da mutum ya rasa. A 1906 suka rage 'yan wasa zuwa sha uku.

Daga nan gaba ta ƙullu, ta kuma yi shekara ɗari cif. Duk wanda ya taka ƙafa a wasan 'yan sha uku, an kore shi daga na 'yan sha biyar har abada. A Wales, wanda ya “tafi arewa” sai a ɗauke shi kamar ya yi ridda, wani ko zauren kulob ɗinsa na da ba a son ganin sa. Abin dariyar shi ne, kowa ya san a kulob-kulob ɗin Wales ɗin ana cusa wa 'yan wasa kuɗi a cikin takalmi a ɓoye. Laifin ɗan arewa kawai shi ne ya karɓa a bainar jama'a. A Faransa abin ya fi muni, don gwamnatin Vichy mai yi wa Jamus biyayya haramta wasan ta yi baki ɗaya a 1941, aka ƙwace dukiyar hukumarsa. Sai a 1995, da kuɗin talabijin ya yi yawa, masu sha biyar suka wayi gari suka ce biyan ɗan wasa ya halatta. Wanda ya san bambancin kallon da ake yi wa ɗan dambe da wanda ake yi wa mai ƙwallon dawaki a garuruwanmu, ya fahimci zancen ba sai an ja shi ba.

A cikin wannan yanayi aka haifi Billy Boston, ranar 6 ga Agustan 1934, a unguwar Butetown ta birnin Cardiff, wadda aka fi sani da Tiger Bay. Unguwar bakin tashar jiragen ruwa ce, inda ake lodin kwal zuwa ko'ina a duniya, don haka ta tara jinsi-jinsi: Yamalawa, Somaliyawa, mutanen Afirka ta Yamma, na Karebiyan, 'yan Ayalan. Mahaifinsa mutumin Saliyo ne, mahaifiyarsa kuma tsatson Ayalan. Yaron ya taso da buri guda, ya sa rigar kulob ɗin Cardiff, daga nan ya sa jar rigar Wales. Ba wanda ya yi musun iyawarsa. Amma kiran bai zo ba. Kuma ba ruwa ne ya yi tsami banza ba, don sai a 1983 Wales ta fara sa baƙar fata a babbar tawagarta ta 'yan sha biyar, wani mai suna Mark Brown. Shekara talatin ke nan bayan Boston ya haƙura.

Yana aikin soja na dole a barikin Catterick, yana buga wa rundunarsu wasa, manyan kulob ɗin Wigan na 'yan sha uku suka ƙyalla ido suka gan shi. A 1953 suka ba shi fam 3,000 ya sa hannu. A wancan zamani wannan kuɗi ne da lebura zai yi shekaru yana aiki bai tara ba. Amma shi da bakinsa ya sha faɗa cewa kuka ya yi bayan ya sa hannun, don ya san ƙofar Wales ta rufe ke nan, ba kuma za ta sake buɗewa ba. Wannan kukan na daɗe ina juya shi a raina. Yaro ɗan shekara goma sha takwas, an zube masa arziki a gaba, shi kuwa yana hawayen garin da bai ɗauke shi a bakin komai ba.

Abin da ya yi a Wigan, lissafi ma ya isa shaida. Wasa 488, ya dire ƙwallo sau 478. Kusan duk ranar da ya fito sai ya ci. Har yau ba a kamo shi a kulob ɗin ba. In aka haɗa da na ƙasa da sauran wasanni, 571 ne, kuma a tarihin wasan a Birtaniya Brian Bevan kaɗai ke gabansa. Bai fi 'yan watanni da fara wasan ba aka ɗauke shi rangadin Ostireliya da New Zealand na 1954, baƙar fata na farko da ya shiga irin wannan tawaga, ya ci 36 a wasa 18. Ya buga wa Birtaniya manyan wasanni 31, yana cikin waɗanda suka ɗauki kofin duniya a 1960. Sau uku yana cin Kofin Ƙalubale a Wembley, a 1958 da 1959 da 1965. A wasan ƙarshe na gasar 1960, a filin Odsal na Bradford, gaban mutum sama da 83,000, sau biyu ya dire wa Wakefield ƙwallo, aka tashi 27 da 3.

Na kalli tsofaffin hotunan bidiyonsa, marasa launi, masu rawa. Ɗan gefe ne, amma ba siriri ba irin yadda aka saba. Da ƙwallo ta shiga hannunsa sai ya maƙale ta a hammata ɗaya, ɗaya hannun ya bar shi sake. Mai tsaron baya ya taho a guje ya sunkuyo zai rungume cinyoyinsa, sai ka ga tafin hannun nan ya sauka a kansa, mutum ya zube kamar an sassabe shi, Boston ko waiwaye babu. Wani lokacin kuma ba ya ma taɓa mutum, gocewa kawai zai yi, a bar mai tarewa yana rungumar iska. Jiki irin na maƙeri, ƙafa irin ta barewa.

Lokacin da karatu ya kai ni Manchester, wata Asabar na hau jirgin ƙasa zuwa Wigan, tafiyar ba ta kai awa guda ba. Gari ne na ma'aikata, gidajen jan bulo a jere kamar an auna da igiya, ma'adinan kwal ɗin duk an rufe su tuntuni. A tsakiyar gari akwai mutum-mutumin Boston na tagulla da aka kafa a 2016. Na ɗan tsaya a gefe ina kallon masu wucewa. Wata tsohuwa da jikanta, yaron sanye da rigar kulob ɗin mai ratsin ja da fari, ta tsaya tana nuna masa, tana magana da hannu, da alama labarin wani gudu take ba shi. Daga nan na tambayi hanyar Central Park, filin da ya yi shekara goma sha biyar yana wasa, inda mutum 47,747 suka taɓa cika a 1959 don kallon karawa da St Helens. Ashe tun 1999 aka bar filin aka rushe shi. Kantin Tesco ne a wurin yanzu. Na tsaya a wurin ajiye motoci, mutane na tura kekunan sayayya, ina ƙiyasta ta ina layin yake. Ba nisa da nan mashayar Griffin take, wadda ya riƙe shekaru bayan ya yi ritaya. Bai koma Cardiff da zama ba. Garin da ya karɓe shi, nan ya zauna ya tsufa.

Da na fara wannan ƙorafi a gaban wani abokina, dariya ya yi ya ce, “Malam, wasan da ba a san shi ba sai a garuruwa goma na arewacin Ingila, shi kake so a yi ta raba wa sarauta?” Maganarsa tana da ƙamshin gaskiya, don in ka cire arewacin Ingila, da gabashin Ostireliya, da New Zealand, da Papua New Guinea, da wani yanki na kudancin Faransa, wasan ba shi da ƙarfi sosai. To amma mu duba waɗanda aka ba. An ba Steve Redgrave da Matthew Pinsent saboda tuƙin kwalekwale. An ba Ben Ainslie saboda tseren jirgin ruwa mai filafilai. Ban raina gwanintarsu ba, amma mutum nawa ne ke cika fili duk mako don kallon tseren kwalekwale? A ɓangaren 'yan sha biyar kuwa, ga Clive Woodward, ga Ian McGeechan, ga Gareth Edwards, ga Bill Beaumont, kowa da Sa a gaban sunansa. In da yawan 'yan kallo ake aunawa, da Boston ya samu tun Sarauniya Elizabeth tana da ƙuruciya. Abin da ya samu daga hannunta shi ne lambar MBE, wadda ke can ƙasan tsani, ita ma sai da ya shekara ashirin da wani abu da barin fili.

Yadda ake rabon ne ke bayyana komai. Wani ne zai rubuta sunanka ya tura, a samu masu mara masa baya da wasiƙu, sannan kwamitoci su zauna su tace, kafin a kai wa firaminista da sarki. Ba sai an samu wani mugu da ya zauna ya ce kada a ba 'yan kwal ba. Ya isa a ce masu zaman ba su taɓa tsayawa cikin sanyi a filin Featherstone ko Castleford ba, 'ya'yansu ba sa buga wasan, abokansu ba sa zancensa a wurin liyafa. Mai uwa a gindin murhu ba ya cin tuwonsa gaya. Ko wannan da aka samu a 2025, sai da aka yi ta kumfar baki a majalisa. Shugaban Majalisar Wakilai, Lindsay Hoyle, ɗan Lancashire ne kuma ya taɓa zama shugaban hukumar wasan, ya fito ya yi magana. Ministar al'adu da wasanni, Lisa Nandy, ita ce 'yar majalisa mai wakiltar Wigan. Sai da uwa ta zo gindin murhu tukuna aka ga miya.

Akwai masu cewa, kuma na fi jin nauyin tasu maganar, me ɗan mutumin Saliyo zai yi da sarautar da ta fito daga gidan da ya mulki ƙasar ubansa? Ai ƙin ba shi ma rufin asiri ne. Na fahimce su. Ni ma ban ɗauki takobin Buckingham a matsayin ma'aunin darajar ɗan Adam ba. Amma ƙin karɓa haƙƙin wanda aka miƙa wa ne. Wanda ba a taɓa miƙa masa ba, ba a ce ya ƙi. Tun da ƙasar ta zaɓi wannan hanya a matsayin yadda take cewa “mun gode”, to duk wanda aka tsallake an faɗa masa wani abu, ko da ba a buɗe baki ba. Kuma shi Boston da iyalinsa sun je sun karɓa da farin ciki. Ba ni da hurumin in fi su sanin abin da ya dace da su.

Sai dai kada a ɗauka ina wanke wasan 'yan sha uku tas. Masoyansa suna son ba da labari kamar su waliyyai ne da suka rungumi baƙar fata don Allah. Gaskiya sun riga kowa. Roy Francis, shi ma ɗan Wales, ya buga wa Birtaniya a 1947, ya zama kocin Hull da Leeds tun lokacin da ko a mafarki ba a kawo baƙar fata zai ba Turawa umarni a filin ƙwallon ƙafa. Ellery Hanley ya zama kyaftin, ya kuma zama kocin ƙasa a 1994. Martin Offiah, wanda iyayensa 'yan Najeriya ne, Wigan ta saye shi daga Widnes a kan fam 440,000 a 1992, kuɗin da ba a taɓa biya ba a wasan a lokacin, kuma yau yana tsaye tare da Boston a mutum-mutumin da aka kafa a Wembley a 2015. Duk wannan haka yake. Amma dalilin ba ɓoyayye ba ne: wasan sana'a ne, kulob na rayuwa ne da kuɗin ƙofa, wanda zai ci maka wasa shi za ka ɗauka ko wane launi ne. Kasuwa ce ta yi abin da “mutunci” ya kasa yi.

Kuma da ranar gwaji ta zo, ba su ci jarrabawar ba. Bayan gasar kofin duniya ta 1957 a Ostireliya, an shirya tawagar Birtaniya ta biya ta Afirka ta Kudu ta buga wasannin talla da Faransa. Mulkin wariyar launin fata na kan ganiyarsa, ba za a bar Boston ya shiga fili da Turawa ba. Hukumar ba ta ce in babu shi ba ma zuwa ba. Shi ya kamo hanyar gida shi kaɗai, sauran suka wuce aka yi wasanninsu. Duk mai son ya yi alfahari da Boston a yau, ya haɗa da wannan a cikin labarin.

Akwai kuma wata tambaya da bikin fada ba zai rufe ta ba. Tsofaffin 'yan wasa da dama, na sha uku da na sha biyar, sun kai hukumominsu kotu a Birtaniya, suna cewa karon da kawunansu suka sha ne ya jawo musu ciwon ƙwaƙwalwa tun ba su tsufa ba. Ban jingina larurar Boston da wannan ba, mutum ɗan shekara tamanin da wani abu yana iya gamuwa da ita ko bai taɓa riƙe ƙwallo ba. Amma wasan da ke neman a girmama jarumansa, shi ma akwai bashin kula da su a kansa.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne waɗanda takobin ba zai taɓa iske su ba. Roy Francis ya rasu a 1989. Rob Burrow na Leeds, ɗan guntun nan da ya ci gasar Super League sau takwas, wanda ya ƙare rayuwarsa yana tara wa masu cutar shanyewar jijiyoyi kuɗi alhali ita ke cin sa, ya rasu a Yunin 2024 yana da shekara 41. Sai Clive Sullivan, shi ma ɗan Cardiff. A 1972 ya zama baƙar fata na farko da ya riƙe kyaftin ɗin wata tawagar ƙasa ta Birtaniya a kowane irin wasa, ya kuma jagorance su suka ɗauko kofin duniya a Faransa, bayan wani gudu da ya yi kusan tsawon fili a wasan ƙarshe da Ostireliya a birnin Lyon. Rabon Birtaniya ko Ingila da wannan kofi ke nan. Ciwon daji ya ɗauke shi a 1985 yana da shekara 42. Birnin Hull kulob biyu gare shi masu gaba da juna kamar kishiyoyi, shi kuwa ya buga wa dukansu, suka kuma haɗu a kan son sa. Mutanen garin ba su jira Landan ba, suka sa wa babban titin shiga birnin sunansa.

Cardiff kuwa, wadda ta bar su suka tafi, sai a 2023 ta kafa musu mutum-mutumi a bakin ruwan birnin da aka haife su, Boston da Sullivan da wani tsohon gwarzon wasan mai suna Gus Risman a tsaye tare. A cikin su ukun, Boston kaɗai ya rage da ran da zai je ya gani. Ya je, yana gab da cika shekara 89.